Daga bencin Harare zuwa keken Maiduguri: masu sauraron damuwa kyauta

A harabar wani ƙaramin asibiti da ke Mbare, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin talakawa a birnin Harare na ƙasar Zimbabuwe, an ajiye wani bencin katako can gefe, inda masu jiran ganin nas ba za su ji abin da ake faɗa ba. Wata dattijuwa ce ke zama a kai, da littafin rubutu a cinyarta. Ba ta yin allura, ba ta rubuta magani, ba ta karɓar ko sisi. Idan nas ta ga mai ciwon kai ya yi ta dawowa magani bai yi masa komai ba, ko mace ta ce rabonta da barcin kirki tun watan jiya, sai ta ce a je a ga kaka. A nan za a zauna kamar minti 45, wani lokaci har awa guda, tsohuwa na jefa tambaya jefi-jefi, mai damuwa na amayar da abin da ke cikinsa. Mako mai zuwa ya dawo, har sau 6.

Wannan shi ne shirin da duniya ta sani da Friendship Bench, wato Bencin Zumunci, kuma wanda ya kafa shi wani likitan ƙwaƙwalwa ne mai suna Dixon Chibanda. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin abin da ya tura shi. A 2005 wata budurwa da ya taɓa dubawa, wadda ke zaune nesa da Harare, ta kashe kanta. Da ya tambayi mahaifiyarta abin da ya hana su dawowa asibiti kamar yadda aka yi da su, sai ta ce ba su da kuɗin mota, kuɗin da bai wuce dala 15 ba. A shekarar ce kuma gwamnatin Robert Mugabe ta bi gidaje da rumfunan talakawa a birane ta rusa, rusau ɗin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ya raba mutum 700,000 da muhallinsu ko sana'arsu. Mbare na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar baki ɗaya kuwa a lokacin 'yan ƙalilan ne.

Chibanda ya nemi hukumar lafiya ta birnin ta ba shi ma'aikatan jinya da ɗakin aiki, aka ce babu, duk suna fama da masu cutar ƙanjamau da mata masu ciki. Abin da aka iya ba shi shi ne tsofaffin mata 14 waɗanda dama can suke zagaya gidaje suna wayar da kai kan tsafta da lafiya, sai kuma filin harabar asibiti. Da su ya fara a 2006.

Yadda zaman yake

Kafin mutum ya zauna a bencin, ana yi masa tambayoyi 14 da harshen Shona, amsarsu i ko a'a. Kana kwana kana juyi? Kana fusata a kan abin da bai kai ya kawo ba? Cikinka na ciwo? Kana jin kuka na zuwar maka? Ka taɓa jin rayuwa ta ishe ka har ka yi tunanin rabuwa da ita? Wanda amsoshinsa suka nuna haɗari, nan take ake miƙa shi ga na gaba, nas ko likita. Sauran su ne na kaka.

Tsofaffin nan tun farko suka ƙi yarda da kalmomin asibiti. Suka ce wa likitan idan aka kira abin da sunan ciwon ƙwaƙwalwa ba wanda zai zo, don haka aka tsaya a kan abin da mutanen unguwa ke cewa da kansu: tunani ya yi min yawa. Daga nan zaman ke tafiya mataki-mataki. Da farko a bar mutum ya faɗi duk abin da ke damunsa ba tare da an katse shi ba. Tsohuwa na rubutawa. Idan ya gama sai ta karanto masa abin da ta ji, ɗaya bayan ɗaya.

A ɗauka mace ce ta zo. Mai gida ya daina kawo cefane, mai haya ya ba su wa'adi, an koro yaro daga makaranta saboda kuɗi, ita kuma ta daina shan maganinta don ba ta ga amfanin rayuwar ba. A cikin kanta duk waɗannan sun dunƙule sun zama dutse guda, ba ta san ta inda za ta kama ba. Kaka ba za ta ce mata ga abin da za ki yi ba. Tambayarta za ta yi: “'Yata, a cikin waɗannan huɗun, wanne ne ya fi hana ki barci?” Sau da yawa abin da mai damuwa zai zaɓa ba shi ne wanda mai sauraro ya zata ba. Wataƙila ta ce yaron. To, me za a iya yi a kai kafin Laraba mai zuwa? Matar ce za ta lissafo hanyoyi da kanta, masu yiwuwa da marasa yiwuwa, sannan ta ɗauki guda: gobe da safe za ta je wajen shugaban makaranta ta roƙi a bar ta ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. A rubuta rana, a rubuta lokaci. Idan ta dawo, abin da za a fara tambaya ke nan. Bayan wasu zama, ana gayyatar ta cikin da'irar waɗanda suka riga ta zama a bencin, inda suke hira suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji suna sayarwa.

Wani zai ce ai wannan hira ce kawai. An gwada. A watan Disamba na 2016 mujallar likitocin Amurka mai suna JAMA ta buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitocin unguwa 24 na Harare, da mutum 573. Rabin asibitocin suna da benci, rabin kuma ana ba da kulawar da aka saba da ƙarin bayani. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba, kusan kashi 50 cikin 100 na nan da alamun ciwon damuwa; cikin waɗanda suka zauna da kaka, kashi 14 ne kawai. Masu tunanin kashe kansu kashi 12 ne a ɓangaren farko, kashi 2 a na biyu. Horon da aka yi wa matan kafin gwajin kwana 9 ne. Daga baya shirin ya bazu a Zimbabuwe, ya tsallaka Malawi da Kenya da Zanzibar, har birnin New York ya kwaikwaya.

Layin da muke bi

Abin da ya sa labarin Harare ya shafe mu shi ne lissafinsu irin namu ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗa cewa 'ya'yanta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kaya suna tafiya Ingila da Kanada da Saudiyya. A Arewa akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, da sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Amma wa ke zuwa can? Sai wanda abin ya kai ga fizge-fizge da sambatu, wanda dangi suka kama suka sa a mota. Mai ciwon damuwa, wanda ke tashi ya yi salla ya fita kasuwa zuciyarsa a ƙuntace, ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai taka wurin da ake kira asibitin mahaukata ba, don ya san abin da zai biyo baya ranar da aka zo neman auren 'yarsa.

Saboda haka hanyar da ake bi sananniya ce. A fara da kemis, a karɓo maganin ciwon kai da na barci. A je a gwada hawan jini da olsa da taifot, a sha ruwan allura, jiki ya ɗan saki, bayan sati biyu a koma gidan jiya. Daga nan a ce ko shafar aljanu ce, ko sammu, a nemi rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Ba na raina addu'a, kuma mai imani na samun sanyin zuciya a cikinta wanda ba ya samu a ko'ina. Amma a duk tsawon wannan layin, da wuya a samu wanda ya zaunar da mutumin ya ce, “Malam, wai me ke damunka ne?” sannan ya yi shiru ya jira amsa.

Wasu kuma suna yi wa kansu magani. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A 2018 ɗin ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An hana kwalbar, amma baƙin cikin da ya sa matar aure ke aiken yaro ya sayo ta yana nan inda yake. Ƙarshen layin kuwa shi ne gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, daga nan aka yi ta buɗe irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Mafi yawan waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Sun duba gabas da yamma ne ba su ga wata ƙofa a buɗe ba.

Kuma ba a ce Najeriya ba ta san wata hanyar ba. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da masu taɓin hankali a gidajen mutane a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Duniya ta yaba, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A gida ne aka bar abin ya shiririce.

“A yi haƙuri”

Idan ana maganar masu ba da shawara kyauta, ƙasar Hausa ba ta da talauci. Akwai goggo da inna da kawu, akwai aminiya da uwar ɗaki, akwai waliyyan aure, da limamin unguwa, da mai unguwa, da dagaci. Mace idan ta haihu tana tafiya wankan jego gida ta yi kwana 40 a hannun mahaifiyarta, kuma duk wanda ya san cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga matsalar damuwa bayan haihuwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, zai gane hikimar da ke cikin al'adar. A Kano, Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 na cika da ma'aurata da masu bin bashi da maƙwabtan da suka saɓa, ba lauya, ba jiran ranar zaman kotu. Gidaje da yawa da suke tsaye yau, a irin waɗannan zaurukan aka tallabe su.

Sai dai sulhu daban, sauraro daban, kuma a nan ne nake ganin muke da giɓi. Mai sulhu burinsa a tashi taro an daidaita. Yana da hukuncin da ya zo da shi tun daga gida, kuma yawanci kalma uku ce: a yi haƙuri. Matar da ta yi yaji za a tara mata manya, miji na gefe, mahaifinta na zaune, a ce ta faɗi abin da aka yi mata. Yaya za ta buɗe baki a gaban Baba ta ce shekara guda ke nan mijin bai shiga ɗakinta ba? Yaya za ta ce tun da jaririnta ya rasu ba ta ƙara jin daɗin komai ba, har 'ya'yan da suka rage ba ta son jin motsinsu? Kunya ba za ta bari ba. Sai ta kawo maganar cefane, a yi wa miji faɗa sama-sama, a ce mata, “Ke ma ki riƙa haƙuri, zaman aure ibada ne, dukkanmu haka muka zauna.” Ta share hawaye, a mayar da ita. Abin da ya fito da ita ko taɓa shi ba a yi ba.

Haƙuri babban abu ne a addini da al'ada, kuma akwai ranar da shi kaɗai ne maganin. Amma idan aka furta shi kafin a ji ƙarshen magana, ma'anarsa ita ce: ya isa, yi shiru. Abin da aka koya wa tsofaffin Harare, wanda kuma suka ce ya fi ba su wuya, shi ne riƙe nasihar da ke bakinsu. Duk wata dattijuwa ta iya faɗa da wa'azi. Zama na awa guda ba tare da an ce “ai laifinki ne” ba, shi ne ke buƙatar horo.

Sannan akwai amana. A unguwa, abin da aka faɗa wa maƙwabciya da hantsi, kafin la'asar ya kai gidan biki. Wannan tsoron ne ke sa mutane haɗiye abin da ke cinsu, ko su rubuta shi a ɓoye su tura wa masu shafukan Facebook da Instagram da shirye-shiryen rediyo, inda dubban baƙi za su yi ta yanke hukunci a kan rayuwar da ba su sani ba. Yawan masu tura irin waɗannan wasiƙun kaɗai ya isa ya nuna irin ƙishin da ake yi.

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a auren gata, bayan an gwada jininsu, aka ba su gado da katifa da jari. Abu ne mai kyau. Da za a ƙara da wata ƙofa da amarya ko ango za su iya ƙwanƙwasawa a wata na shida, su kaɗai, kafin magana ta kai ga takarda, da an rage masu dawowa layin zawarci. Akwai kuma inda sulhu kansa ke zama haɗari: matar da ake duka, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Waɗannan ba a mayar da su da “a rufa asiri”. Cibiyoyi irin su Waraka da ke asibitin Murtala a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato suna ba su magani da shawara kyauta, amma mutane nawa ne a ƙauye suka taɓa jin sunansu?

Keke napep a Barno

Inda aka fi gwada irin wannan aiki a Arewa shi ne inda wuta ta fi ci. Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam wadda ta yi aiki a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ta kafa gidauniyar Neem a 2016. Ɗaya daga cikin ayyukanta a Barno shi ne ɗora masu ba da shawara a keke napep su shiga unguwanni da matsugunan 'yan gudun hijira, maimakon su zauna a ofis suna jira. Dalilin a fili yake: matar da aka kashe mijinta a gabanta a Bama ko Gwoza, take kwana a tanti da marayu biyar, ba za ta nemi kuɗin mota ta tafi neman wanda za ta yi wa kuka ba. Amsar matsalar dala 15 ɗin nan ke nan, a kan taya uku. Akwai zaman rukuni, akwai na mutum ɗaya, ana kuma haɗawa da malaman addini da masu unguwanni, don ba a shiga gari ta bayan masu shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta tallafa wa ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri suna fita zuwa ƙananan asibitoci da sansanoni, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya kuma, wadda Boko Haram ta fi kowace coci yi wa ɓarna, ta horar da mutanenta suna zaman warkar da raunin zuciya a garuruwansu. Raunin duk waɗannan ayyukan guda ne: akasarin kuɗin daga waje yake zuwa. Da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025, ayyukan jinƙai da dama a Arewa maso Gabas sun tsaya ko sun ragu. Su kuwa Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan bindiga suka bar dubban zawarawa da mutanen da aka karɓo daga daji bayan an sayar da gona an biya fansa, ba su taɓa samun ko kusa da irin kulawar da Barno ta samu ba.

Aji da wurin aiki

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare, jami'o'inmu kuma suna yaye masu digiri a fannin duk shekara. A makarantun gwamnati da yawa abin da za ka tarar shi ne allo a jikin ƙofa, malamin kuwa an ba shi darasi a aji shida saboda ƙarancin malamai, ba a nemansa sai ranar zaɓen kimiyya ko adabi. Yaron da ya fara barci a aji, ko yarinyar da makinta ya faɗi warwas a zango guda, bulala suke samu, alhali sau da yawa labarin a gida yake: an saki uwa, ko uba ya kwanta ciwo, ko an sa ranar auren da ba ta so. Idan 'yan mata suka yi ta faɗuwa a makarantar kwana, akan rufe makarantar a kira masu ruƙiyya, ba a cika samun wanda zai zauna da su ɗaya-ɗaya bayan sun farfaɗo ba. Ga kuma ɗaliban Chibok da Dapchi da Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga da aka sace. Ranar da aka dawo da waɗanda aka dawo da su, an yi hotuna an yi jawabai. Firgitar dare kuwa takan ɗauki shekaru, kuma ba ta tsaya a kansu kaɗai ba, har da 'yan ajinsu da suka tsere da malaman da aka ritsa da su.

A wurin aiki abin ya fi ɓoyuwa, don namiji ne yawanci, kuma an raine shi a kan cewa namiji ba ya kuka. Duk wanda ya san Kakuri bayan rufe masaƙun Kaduna ya ga yadda rasa aiki ke cin magidanci a tsaye, wasu har suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, mai albashin da ba ya kai tsakiyar wata, da ɗan adaidaita sahun da ake bin sa balas, da ɗan kasuwar da jarinsa ya narke, suna shiga gida da fushin da ba na matar ba ne, ba na yaran ba ne. Ko a Harare, kashi 86 cikin 100 na waɗanda suka shiga gwajin mata ne. Maza ba sa zuwa benci a harabar asibiti. Idan ana son a same su, sai an bi su inda suke zama: majalisa, tasha, teburin mai shayi, ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa, harabar masallaci bayan isha'i, kuma mai sauraron ya zama namiji ɗan'uwansu.

Kyauta ga mai zuwa, amma wani ne zai biya

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawa. Dokar ta amince da haƙƙin marar lafiya, ta kuma nemi a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Amma ba ta goge sashe na 231 na kundin laifuffukan Arewa ba, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Haramcin kashe kai a addini ba abin jayayya ba ne. Tambayar ita ce ko tsoron 'yan sanda na sa iyali su kai ɗansu asibiti, ko kuwa yana sa su ɓoye shi a ɗaki. Akwai kuma ƙungiyoyin sa-kai irin su MANI da She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, da ke sauraron mutane kyauta ta waya da intanet. Suna ƙoƙari, sai dai wanda ya fi cin moriyarsu shi ne matashin birni mai jin Turanci.

Abin da za a iya yi da Hausa, a cikin unguwa, bai fi ƙarfinmu ba, don mutanen suna nan. Akwai ma'aikatan lafiya na asibitocin sha-ka-tafi da makarantun koyon kiwon lafiya ke yayewa duk shekara, akwai ungozomomi, da malaman Islamiyya mata, da 'yan agaji, da matan FOMWAN, da zumuntar mata a coci-coci, da malaman makaranta da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsararren littafin horo na zama 5 wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, aka ga yana aiki a hannun waɗanda ba likitoci ba. Ranar awon ciki da ranar rigakafi mata na cika harabar asibiti tun da sassafe; tabarma ce kawai za a shimfiɗa a ƙarƙashin darbejiya, nesa da kunnen jama'a.

Amma kada a ɗauka arha na nufin banza. Benci ba ya maganin farfaɗiya, ba ya maganin taɓin hankali mai tsanani, ba ya cire wanda ƙwaya ta riga ta kama jikinsa. Waɗannan sai likita da magani, kuma dole mai sauraro ya san alamominsu ya san lambar da zai kira. Dole a ba shi alawus, ko yaya yake, don wanda bai karya ba ba zai iya ɗaukar kukan wani ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma daga irin wannan asusun ne ya kamata jihohi su ɗauki nauyin, maimakon jiran baƙi. Dole kuma a samu wanda ke bibiyar masu sauraron. A gwajin Harare kowace tsohuwa na da wayar hannu da mai kula da ita wanda za ta kira idan magana ta fi ƙarfinta, kuma sukan haɗu su tattauna abin da suka ci karo da shi, su ma su sauke nasu nauyin. Jihar da za ta fara, da ƙaramar hukuma guda za ta fara: mata da maza 20, horon sati biyu, nas ɗin ƙwaƙwalwa guda da zai riƙa zagaya su duk mako, da rajistar da za ta nuna bayan wata 6 mutum nawa suka zo, nawa suka dawo, nawa aka tura asibiti.